SHARHI: Linzamin iska ya iso, amma da wane madanni Agadez za ta rubuta harshen ƙasa?

A ranar 26 ga Maris na 2025, Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan sabon kundin tafiyar da mulkin Nijar, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma mayar da Faransanci da Turanci harsunan aiki. Wata shida bayan haka, a ƙarshen Satumba, kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp ya fara sayar da wani tabarau a Amurka, tare da wani abin ɗaurawa a wuyan hannu da ke karanta motsin yatsu ya mayar da shi umarni ga na'ura, ba tare da mutum ya taɓa madanni ko ɗaya ba.

A ido, babu abin da ya haɗa labaran biyu. Ɗaya siyasar Yamai ce, ɗaya kuma kasuwancin Kalifoniya. Amma a gari irin Agadez, inda ake ciniki da Hausa, ake hira da Tamajak a gidaje da dama, ake rubuta takardar ofis da Faransanci, ake kuma karatun allo da Larabci, labaran sun haɗu a kan tambaya guda: hannun da zai rubuta wannan harshe na ƙasa a kwamfuta, da me zai rubuta shi?

Tambayar ba ta wasa ba ce, domin kamfanonin duniya sun duƙufa wajen raba hannun mutum da tebur. Akwai linzamin kwamfuta da ake kaɗawa a iska kamar sandar malami, akwai rimot mai ɗauke da ƙananan madannai a bayansa, akwai zobba da ake sawa a yatsu a yi rubutu a kan cinya. Masu araha daga cikinsu, musamman rimot ɗin da ke zuwa tare da akwatunan talabijin na Android, tuni suka zama kayan da ake gani a kasuwannin kayan lantarki na Afirka ta Yamma. Duk sun iya jin motsin hannu. Sanin harshen mai hannun kuwa, wata magana ce daban.

Yadda na'ura ke jin juyin hannu

Linzamin da aka saba da shi ya girmi yawancin masu amfani da shi. Douglas Engelbart na cibiyar bincike ta Stanford ne ya nuna shi ga jama'a a San Faransisko a ranar 9 ga Disamba na 1968, bayan samfurin farko da aka sassaƙa da katako, mai ƙafafu biyu a ƙarƙashi. Tun daga lokacin, ko mai ƙwallo ne ko mai haske, sharaɗinsa ɗaya ne: sai an ba shi shimfiɗaɗɗen wuri ya yi ja da ciki a kai.

Linzamin iska ya kawar da wannan sharaɗi. A cikinsa akwai 'yan ƙwayoyin lantarki biyu da ba su kai ƙwayar gero biyu ko uku girma ba. Na farko ma'aunin motsi ne, wanda ke jin saurin tafiyar hannu da kuma inda ƙasa take, saboda nauyin da ke jan komai zuwa ƙasa. Na biyu ma'aunin juyi ne, wanda masana ke kira jairoskof. A cikinsa akwai wani ɗan ƙanƙanin abu da ke karkarwa ba tsayawa. Idan aka juya hannu hagu ko dama, karkarwar sai ta ɗan kauce gefe, na'urar ta auna kaucewar, ta lissafa yawan juyin, ta aika wa kwamfuta ta iska cewa a matsar da kibiyar da ke kan allo taki kaza. Ana maimaita wannan lissafi sau da dama a cikin daƙiƙa guda, shi ya sa ido ke ganin kamar kibiyar na ɗaure ne da hannu.

Kamfanin Gyration na Amurka ya fara sayar da irin wannan linzami tun a shekarun 1990, Logitech ya fito da nasa mai suna MX Air a 2007, LG kuma ya sa dabarar a rimot ɗin talabijin ɗinsa. Amma wanda ya shigar da ita gidajen mutane da gaske shi ne Nintendo na Japan, da na'urar wasan Wii da ya fitar a Nuwamban 2006, wadda aka sayar da fiye da miliyan 101. Daga 2010, lokacin da iPhone 4 ta zo da ma'aunin juyi, sai abin ya bazu cikin wayoyi. Yau kusan kowace wayar zamani da ke aljihun direba a tashar Agadez tana da ma'aunin motsi, shi ne ke juya hoto idan an kwantar da wayar. Na juyin ne dai ba kowace mai araha ke da shi ba.

Akwai wani labari daga zamanin Wii da ya fi dacewa da makarantun Sahel fiye da duk tallace-tallacen yanzu. A 2007, wani ɗalibin digiri na uku a jami'ar Carnegie Mellon mai suna Johnny Lee ya lura cewa a bakin rimot ɗin Wii akwai ƙaramar kyamara da ke bin hasken da ido ba ya gani. Maimakon ya riƙe rimot ɗin, sai ya kafe shi wuri guda yana kallon bangon da majigi ke haskawa, ya sa ɗan ƙwan fitila mai irin wannan haske a bakin alƙalami. Nan take bangon ya zama allon da ake rubutu a kansa kai tsaye cikin kwamfuta. Rimot ɗin kusan dala 40 ne a lokacin, alhali allunan kamfani masu wannan aiki dubban daloli ake sayar da su. Ya saki manhajar kyauta, malamai a ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Abin lura a nan shi ne, na'urar ta Japan ce, amma amfanin da ta yi wa aji ya fito ne daga wanda ya zauna ya rubuta mata manhajar da ta dace da buƙatarsa.

Inda take da amfani, da inda take gajiyarwa

Babu dalilin raina linzamin iska. Malamin da ke koyarwa da majigi a Jami'ar Agadez, wadda aka kafa a 2014, zai iya zagaya aji yana nuna taswira ko zane ba tare da ya maƙale a bayan tebur ba. Ma'aikacin lafiya da ke wayar da kan jama'a a ƙarƙashin rumfa ba ya buƙatar tebur sam. Ba ta da ƙwallo ko ido a ƙasa da ƙurar hunturu za ta toshe, kuma ƙaramin batir yana riƙe ta tsawon lokaci. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki. Agadez ma da take da tashar kwal ta SONICHAR a Anu Araren kusa da Cirozerin, wadda ta sa ba ta dogara da layin Najeriya da aka katse a Agustan 2023 ba, ta san ɗaukewar wuta sarai, musamman a bazara.

Sai dai hannu ba a yi shi don ya daɗe a sama ba. Duk wanda ya riƙe wa wani fitila na minti goma ya san haka. Kafaɗa na gajiya, yatsu na rawa, kibiya kuma na bin rawar. Ga kuma wata matsala ta cikin na'urar: tunda lissafin juyi take tarawa ɗaya bisa ɗaya, ƙananan kurakurai na taruwa, sai a ga kibiya na sulalewa gefe alhali hannu na tsaye, har sai an ajiye na'urar ta sake daidaita kanta.

Wajen nuni ke nan. Wajen rubutu kuwa, alƙaluma sun fi fitowa fili. Wani bincike da jami'ar Aalto ta Finlan da ta Kambirij suka wallafa a 2018, bayan gwada mutum 168,000, ya nuna matsakaicin mai rubutu a madannan kwamfuta na buga kalma kusan 52 a minti. Wani binciken na 2019 a kan masu waya kusan 37,000 ya sami kalma kusan 36. Masu binciken Meta kuma, a rahoton da suka fitar a mujallar Nature a Yulin 2025, sun ce da abin wuyan hannunsu mutum na rubuta kalma 20.9 a minti ta hanyar zana haruffa da yatsa. Abin mamaki ne a fannin kimiyya, domin na'urar tana sauraron siginar lantarkin da jijiyoyi ke aika wa tsokar hannu ne. Amma sakataren da aka ba wasiƙa mai shafi uku ya buga kafin azahar ba zai bar madannansa saboda ita ba.

Farashi ma ya raba gardama. Tabarau da abin hannun na Meta dala 799 ne, wato wajen jaka 450 na sefa a canjin ƙarshen 2025. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne. Albashin fiye da wata goma ke nan, ba ci ba sha. Don haka wanda zai shiga aji da ofis a Agadez nan kusa shi ne ɗan rimot ɗin nan mai madannai a baya, ba tabarau ba. A kansa ya kamata a tsaya.

Madanni ba ya aika harafi

Abin da yawancin masu saye ba su sani ba shi ne, madanni ba ya aika wa kwamfuta harafin da aka zana a kansa. Lambar wurinsa yake aikawa. Idan aka danna, saƙon da ke tafiya shi ne "an taɓa madanni na farko a layin tsakiya." Kwamfutar ce ke duba tsarin harshen da aka saita mata, ta yanke hukuncin wane harafi za ta fitar. Zanen da ke kan robar, ado ne don idon mai dannawa.

Wannan na da sakamako na musamman ga Nijar, saboda tana tsakanin tsari biyu. Ofisoshinta da makarantunta sun gaji jerin Faransa, wanda ake kira AZERTY saboda haruffa shida na farkon layin sama. Maƙwabciyarta Najeriya, inda kaya masu yawa ke fitowa su bi ta Maraɗi da Damagaram su haura arewa, tana amfani da QWERTY, jerin da aka gada daga keken rubutun da kamfanin Remington ya fara ƙerawa a Amurka a shekarun 1870. Mafi yawan ƙananan madannan da ake ƙerawa a Sin don kasuwar duniya su ma QWERTY ne.

To, a ɗauki rimot mai QWERTY a haɗa da kwamfutar da aka saita da Faransanci, a buga sunan garin. Abin da zai fito a allo shi ne "Qgqdew". Hausa za ta koma "Hqusq". Yamai kuwa "Yq,qi", domin inda M yake a wancan jerin, waƙafi ne a wannan. Harafin "a", wanda ya fi kowane harafi yawa a rubutun Hausa, shi ne na farkon ɓacewa, ya koma "q" da babu shi ma a abacadar Hausa. Gyaran bai fi minti guda ba ga wanda ya san inda ake sauya saiti. Wanda bai sani ba kuwa zai koma wa mai shago da cewa an sayar masa da jabu.

Wannan ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce, ko AZERTY ko QWERTY, babu wanda ke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Haruffan nan masu ƙugiya ba kwalliya ba ce. Su ne suka raba fada da faɗa, kafa da ƙafa, baki da baƙi, kasa da ƙasa. A garin da ke da fadar Sarkin Abzin, kuma ya yi suna wajen karɓar baƙi masu ratsa hamada, kanun labarin da ya ce "an yi fada a kan baki" ya bar mai karatu da aikin duba. Mai harshen yakan gane daga abin da ke kewaye da kalmar, gaskiya ne. Amma yaron da ke koyon karatu bai kai nan ba, injin bincike bai kai nan ba, haka ma rumbun sunaye na hukumar da ke ba da takardar haihuwa.

Ba wai ba a daidaita rubutun ba ne. An zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO a kan abacadar harsunan yankin, ciki har da Hausa da Tamajak, an sake zama a Yamai a 1978. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, ma'aikatar iliminta kuma ta fitar da ƙa'idojin rubuta harsunan ƙasar a 1999. A nan ne ma aka tabbatar da ɗan bambancin da ke tsakanin ƙasashen biyu: Nijar na rubuta ƴ, Najeriya na rubuta 'y. Haruffan kuma suna cikin Unicode, kundin duniya da ke ba kowane harafi lambarsa, tun farkon shekarun 1990. Kwamfuta ta san su fiye da shekara talatin. Hanyar da yatsa zai kai gare su ce ba a share ba.

Windows na da tsarin madannan Hausa a cikinsa, amma don Najeriya aka yi shi, a kan jerin QWERTY, kuma sai an riƙe madannin Alt na dama kafin a sami harafi mai ƙugiya. Sakataren da ya shekara ashirin yatsunsa na bin AZERTY, idan ya kunna wannan tsari, ya sami ƙ amma ya rasa a da m da z da w a inda ya san su. An sayar da kare an sayi biri. A kan ɗan rimot kuma abin ya fi muni, domin da yawa daga cikin ƙananan madannan an rage musu wasu maɓallai don su shiga tafin hannu, Alt na dama na cikin waɗanda ake yawan zubarwa. Akwai dabarar danna Ctrl da Alt tare a madadinsa, sai dai hakan na nufin maɓalli uku lokaci guda a kan na'urar da manyan yatsu biyu kaɗai ke aiki a kanta.

Shi ya sa jama'a suka nema wa kansu mafita. Wasu na rubuta k' da d', wasu na barin harafin tsirara, matasa da yawa a WhatsApp da Facebook na rubuta "qasa" da "qarya". A Nijar akwai ƙarin salo na huɗu, wato rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, inda "u" ke zama "ou", "sh" ya zama "ch". Kalma ɗaya, fuska huɗu ko biyar. Wanda ya nemi ta da fuska ɗaya a intanet, sauran sun ɓuya masa, kuma manhajojin fassara da na gyaran rubutu da ke koyo daga abin da mutane suka rubuta suna haɗiye wannan ruɗani su dawo da shi.

A waya lamarin ya fi sauƙi, kuma dalilin na da muhimmanci. Madannan waya hoto ne a kan gilashi, don haka manhaja irin Gboard ta Google na iya zana ƙ a inda ta ga dama. Da zarar an koma na'ura mai maɓallan roba, ko mai karanta motsi, sai a dawo hannun wanda ya tsara ta. Misali mai kyau shi ne Tap, zobba biyar da wani kamfanin Amurka ya fara sayarwa a 2018. Ana buga yatsu a kan kowane abu, na'urar ta gane waɗanne yatsu suka sauka. Yatsu biyar na ba da haɗi 31. Kowane yatsa shi kaɗai wasali ne, a, e, i, o, u, wanda ya yi wa Hausa daidai kamar an auna. Hausa kuma ba ta amfani da p, q, v da x a kalmominta na asali, haruffa huɗu ke nan zaune ba aiki, ga kuma huɗu masu ƙugiya na neman wuri. Lissafin ya fita. Amma sai wani ya zauna ya yi wannan musanya, ya gwada, ya raba wa jama'a, kuma babu kamfanin da zai yi hakan don kasuwar da bai ga kuɗi a cikinta ba.

Rubutun da aka fara da yatsa a kan rairayi

Agadez na da wani rubutu da ya girmi boko a yankin nesa ba kusa ba. Tifinag, rubutun Abzinawa, yana nan a kan duwatsun Abzin, a jikin kayan azurfa na maƙera, da kuma a kan rairayi, inda bisa al'ada uwaye mata ke koya wa yara shi da yatsa. Idan ana neman al'ummar da ta saba da rubutu ba takarda ba tebur, da motsin yatsa kawai, to ga ta nan tun kafin a haifi kakan Meta.

Duk da haka shi ne zai fi wahalar shiga sababbin na'urorin. An shigar da Tifinag cikin Unicode a 2005, amma bisa tsarin da cibiyar raya al'adun Amazik ta Maroko ta daidaita, sannan aka haɗa da wasu haruffan Abzinawa. Madannan Tifinag da suka zo cikin Windows daga baya, da Tamazik ɗin da Google Translate ya ƙara a Yunin 2024, duk sun fi karkata ga na Arewacin Afirka. Na Abzin yana da nasa siffofi. Wasu haruffansa ɗige-ɗige ne zalla, yawansu da jerinsu ne ke bambanta su. A al'adance ba a cika rubuta wasula ba, ana haɗe baƙaƙe biyu su zama alama guda, kuma ana iya fara layi daga dama, daga hagu ko daga ƙasa zuwa sama. Na'urar da aka horar da ita da hannun dubban masu rubuta Turanci daga hagu zuwa dama ba ta da abin da za ta kama a nan. Ko Tamajak da ake rubutawa da boko ma yana buƙatar ǝ, ă, ɣ da baƙaƙe masu ɗigo a ƙasa, waɗanda babu su a AZERTY.

Mutanen garin ba su zauna jiran kowa ba. A farkon shekarun 2000, ƙungiyar raya Tifinag da ke Agadez ta ƙara wa rubutun wasula, ta kuma riƙa buga jarida mai suna Amanar da Tifinag da Faransanci. Wannan ya nuna akwai masu ilimin a gida. Kundin 2025 ya sa Tamajak cikin harsunan da ake magana da su a ƙasar, tare da Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci, Tubanci da sauransu. A jihar da zancen harshe da asali ya taɓa shiga cikin koke-koken da suka kai ga tawaye a shekarun 1990 da kuma 2007, duk wani tsarin madannai na hukuma da zai ɗauki ƙ ya manta da ɣ zai faɗi abin da ba a yi niyyar faɗa ba.

Wani zai ce duk wannan wahalar banza ce, tunda murya ta riga ta ci kasuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A ƙasar da manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba, saƙon murya shi ne wasiƙar talaka, kuma tun Oktoban 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan Afirka 15 da ake iya yi wa waya magana ta mayar da ita rubutu. Zuwan Starlink Nijar a Maris na 2025 ya kuma kai intanet wuraren da eriyar waya ba ta isa ba. Sai dai injin sauraro yana jin irin Hausar da aka ciyar da shi ne, kuma mai cewa "shina zuwa" a Tawa ba lallai ya sami karɓar da mai cewa "yana zuwa" a Kano zai samu ba. Sannan hukuncin kotu, takardar fili, jarrabawa da rajistar asibiti ba a yin su da saƙon murya. Idan injin ya yi kuskure, da yatsa za a gyara, an dawo kan madannai ke nan.

Akwai kuma batun tsaro da ya kamata masu sayen kayan ofis su sani. A 2016 kamfanin Bastille na Amurka ya nuna cewa wasu linzamai da madannai marasa igiya, masu amfani da ɗan abin da ake sokawa a ramin USB, suna aika saƙo ba tare da kulle shi ba, har wani daga nesa zai iya karanta abin da ake bugawa ko ya cusa nasa umarnin. Manyan kamfanoni da dama sun gyara nasu. Rimot maras suna da aka saya a buhu, babu mai ba da tabbaci a kansa, kuma bai dace da kwamfutar da ke riƙe da bayanan jama'a ba.

Faransa kanta, mai AZERTY, ta taɓa tsintar kanta a irin wannan hali. A Janairun 2016 ma'aikatar al'adunta ta koka cewa da wuya a rubuta Faransanci daidai da madannan da ke kasuwa, domin ko babban É ba shi da hanya mai sauƙi. Aka ba hukumar daidaita ma'auni ta ƙasar aikin, ta fitar da sabon tsari a Afrilun 2019. Shekara uku ya ɗauka, a ƙasar da ke da kuɗi da masana'antu, kuma har yanzu tsohon jerin ne ya fi yawa a shaguna. Najeriya ma ta yi yunƙurin haɗa abacada guda ta harsunanta a shekarun 1980, har aka ƙera keken rubutu a kanta, amma zuwan kwamfuta ya bar aikin a baya.

Abin da Nijar ke buƙata bai kai wannan tsada ba, tunda kamar yadda aka gani, harafi a manhaja yake, ba a roba ba. Tsari ne guda a kan AZERTY da aka saba, wanda zai bar Faransanci yadda yake, ya ƙara haruffan Hausa, na Tamajak, na Fulatanci da na sauran harsunan a wuraren da yatsa zai kai ba tare da maɓalli uku ba, da wani na biyu na Tifinag ɗin Abzin. Akwai manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL, kyauta ce, an kuma yi ta ne musamman don gina irin waɗannan tsare-tsare a kwamfuta da waya. Aiki ne da ɗaliban kimiyyar kwamfuta da malaman harshe za su iya gamawa a zangon karatu guda, in hukumar ANSI mai kula da harkar fasahar sadarwa da ma'aikatar ilimi suka sa masa hatimi. Abin da ya rage sai layi ɗaya a takardar kwangilar sayen kaya, cewa duk madannai, rimot ko linzamin iska da za a kawo wa aji ko ofis, daga Yamai har Bilma, sai an buga ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da ɣ da shi a gaban mai karɓar kaya kafin a biya ɗan kwangila.